Asakusa: ƙafa, keken ja ko jirgin ruwa, wanne ya fi?

Duk wanda ya sauka Tokiyo sai an ce masa ya je Asakusa, unguwar da haikalin Sensoji yake, wanda ya fi kowanne tsufa a birnin. Labarinsu shi ne wasu masunta biyu 'yan uwan juna ne suka ciro gunki a kogin Sumida a shekarar 628, daga nan aka kafa wurin. Shiga kyauta ne, kada wani ya sayar maka da tikiti. Inda kuɗi ke fita shi ne yadda za ka zagaya, to bari mu duba.

Ni dai ƙafa na zaɓa kuma ita nake ba kowa shawara. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Ginza ka sauka tashar Asakusa, minti kaɗan ka ga ƙofar Kaminarimon da wannan ƙatuwar jar fitila da nauyinta ya kai wajen kilo 700, daga nan ka miƙe titin Nakamise, mita 250 ne kawai amma shaguna kusan 90 jere da juna, tsaraba, mafici, da wata 'yar waina mai wake mai zaƙi a ciki da suke ce wa ningyo-yaki, a gabanka ake gasa ta da zafinta. Kada ka tafi kana ci kana tafiya, ba sa so, ka tsaya gefen shagon ka cinye. Matsalar ƙafa ɗaya ce, cunkoso, daga hantsi zuwa la'asar wallahi ko hoto ba za ka iya ɗauka ba sai da kan wani a ciki. Ka je da sassafe, ana buɗe babban ɗakin tun shida ko shida da rabi, sai dai shaguna ba su buɗe ba lokacin. Ko ka bari sai dare sanda aka kunna fitilu.

Keken ja, jinrikisha, shi ne samari ke jan ka da hannu suna gudu suna ba ka labarin unguwa. Yana da daɗi, suna shiga lungunan da kai ba za ka gano ba, kuma sun iya ɗaukar hoto. Amma tsada, 'yan mintuna dubban yen, kuma ba ya bi ta cikin Nakamise, dole dai ka sauka ka taka. In kana tare da Hajiya ko mai ciwon gwiwa to ya biya kuɗinsa, in lafiyarka lau ka riƙe abinka. Ka yi magana kan minti nawa da mutum nawa kafin ka hau.

Jirgin ruwa na kogin Sumida hanyar fita ce, ba yawon unguwa ba, in ka gama zai kai ka tsibirin Odaiba ko lambun Hamarikyu.

Sai maganar hango gari daga sama. Hasumiyar Tokyo Skytree na tsallaken kogi, tsayinta mita 634, ana biya kuma akwai layi, ranar da hadari ya rufe kuɗinka ya tafi a banza. Alhali daidai gaban Kaminarimon akwai ginin ofishin 'yan yawon buɗe ido, hawa na 8 kyauta, daga can za ka ga Nakamise a shimfiɗe har rufin haikalin, ga Skytree ɗin kansa a gefe.

Abinci a yi hattara, romon taliyarsu ta ramen yawanci na alade ne kuma suna zuba mirin, wata giyar shinkafa, a miya, ka nemi wurin da aka rubuta halal, akwai su a unguwar. Masallaci ma akwai a Higashi-Asakusa, da ɗan tafiya arewa da haikalin. In kuma ba ka son turmutsitsi ka kauce wa ƙarshen mako na uku a watan Mayu, lokacin bikin Sanja Matsuri ne.