Ka Kai Kare Gidan Mai Horo, Ko Mai Horon Ya Zo Gida?

Ɗan'uwa, ka ce kwikwiyonka ɗan wata 4 ne, ruwa biyu, uban Alseshan, babban karen nan na Jamus mai gashi, uwar 'yar gida, kuma don gadi ka kawo shi. Mutum biyu ka samu: ɗaya ya ce ka ba shi karen mako 6 ya dawo maka da shi a hore, ɗayan kuma zai riƙa zuwa gida sau biyu a mako. Kana tambaya wanne ya fi.

Na farkon ba ƙarya yake yi ba. Kare zai dawo ya iya zama da kwanciya da tafiya a gefen ƙafa, kuma da wuri, tunda kullum ana kansa. To amma wa yake ji wa magana? Kare muryar mutum yake riƙewa, da motsin hannunsa, da filin da aka koya masa. Ranar da aka kawo shi za ka sha kallo. Bayan mako biyu maigadinka ya ce "zauna", kare ya zuba masa ido, don da Turanci aka hore shi, Turancin ma na bakin mutum ɗaya. Ga shi ba ka ga yadda aka yi horon ba. In da bulala ne ko sarƙar shaƙe wuya, za ka gane: kana ɗaga hannu zai kwantar da kunne ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Irin wannan matsoracin ne ke cizon yaro ba zato.

Akwai kuma batun lafiya. Allurar cutar Parvo, mai sa amai da gudawar jini, sai wajen mako 16 ake kammala ta, ta haukan kare kuma daga wata 3 ake yi, kuma ko a nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana haɗa ta. Kwikwiyon da bai gama allura ba, ba na kai shi inda karnuka suka taru.

Na biyun yana da jinkiri, kuma gaskiya kai zai hora, ba karen ba. Zai nuna muku, ya tafi, aikin ya rage naku: minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, bayan Asuba da gab da Magariba, don mai gashin Alseshan ba ya jure rana. Yana zama, lada ta shiga bakinsa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ka jinkirta bai san abin da aka biya shi ba. 'Yar dafaffiyar hanta ta isa. Ban da tsire da kilishi, yaji da albasa suna cutar da kare.

Abin da ya sa na karkata nan shi ne, abin da gidan Bahaushe yake buƙata ba ya koyuwa a wani waje. Kada kare ya ɗane mutumin da ya sa farin kaya zai tafi masallaci. Kada ya haura dokin ƙofar falo inda ake shimfiɗa darduma. Ya san almajirin gidan da mai kawo ruwa. Sai "zo", wadda ta fi kowace kalma tsada: kada wani a gidan ya kira shi da ita sannan ya doke shi, ko da takalmi ya cinye. Ku tsayar da kalma ɗaya ga kowane umarni, uwargida da yara da maigadi duk ita za su faɗa.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa kowannensu ya gwada kwikwiyon a gabanka, ka tambaye shi me yake yi in kare ya ƙi. Wanda ya ce zai koya wa ɗan wata 4 kai hari, ka sallame shi.

In tafiye-tafiye sun yi maka yawa har dole sai na farkon, jira allura ta cika, ka gindaya sharaɗi biyu: za ka leƙa duk ranar da ka ga dama ba sanarwa, kuma makon ƙarshe a gidanka za a yi shi, da Hausa, igiyar a hannun maigadi.