Katin magoya baya na sabuwar ƙungiyar ƙwallonmu a Tawa

Na sayi katin magoya baya na sabuwar ƙungiyar da aka kafa a garinmu kan jaka biyar, kuma bayan na kalli wasanni huɗu da shi, ina ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Mai katin yana shiga fili ba tare da bin layi ba, an ware mana wurin zama a gefen da inuwa ke sauka bayan la'asar, kuma yaran da ke tsaron ƙofa suna da ladabi. Rigar da aka haɗa mana da ita ce kaɗai ta ba ni kunya, domin lambar bayanta ta fara ɓarewa tun a wanki na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ake sayar da katin da ita. Mai sayarwa ya ce mini: "Alhaji, nan da shekara biyu za mu ɗauko kofin ƙasa daga Yamai." Matasa sun ɗauki wannan magana sun kai fada, har ta kai ga ranar da aka tashi kunnen doki a gida, wasu suka bi mai horarwa da zagi, alhali ƴan wasan ba su cika wata shida suna atisaye tare ba.

Duk wanda ya san gasar Nijar ya san cewa galibin ƙungiyoyin da ke cin kofi suna da hukuma a bayansu. AS FAN ta sojoji ce, AS Douanes ta kwastan ce, USGN ta jandarmomi ce, ita kuwa AS SONIDEP da ta lashe gasar a 2018 da 2019 kamfanin man fetur na ƙasa ne ke ɗaukar nauyinta. Tamu ƙungiyar ta dogara ne ga aljihun ƴan kasuwa da katin mutane irina. Tsakanin Tawa da Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 500, don haka kowane wasa a filin Seyni Kountché da ke Yamai yana nufin kuɗin mota da masauki da abincin mutum sama da ashirin, kafin a zo maganar albashi ko maganin wanda ya ji rauni.

Da shugabannin za su tara masu kati su karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita, su yi alkawarin biyan yaran haƙƙinsu kowane ƙarshen wata, da hakan ya fi mini daɗin ji a kan zancen kofi. Zan sabunta katina baɗi in Allah ya kai mu, zan kuma saya wa ɗana nasa, amma a taron farko da za a kira ni ne zan fara tambayar ko an biya mai tsaron gida albashinsa.