Wane Karatu Ya Fi Dacewa da Malamin Harshe Bayan Digiri na Farko?

Malamin da ya daɗe yana koyar da harshe, Turanci ne ko Faransanci ko Larabci, yakan kai lokacin da zai ga ɗalibansa sun haddace ƙa'idojin nahawu amma bakinsu ya ƙi buɗewa da magana. Daga nan tunanin komawa makaranta yake zuwa masa, kuma hanyoyin da ke gabansa suna da yawa.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce digiri na biyu a fannin koyar da harshe, bisa sharaɗin cewa akwai gwajin koyarwa a cikinsa. A Birtaniya akan kammala shi cikin shekara ɗaya, a Amurka kuwa yakan ɗauki shekara biyu. A nan ne malami zai san ra'ayin masanin harshe Stephen Krashen na shekarun 1980, cewa mutum yana samun harshe ne ta hanyar ji ko karanta abin da ya ɗan ɗara matakinsa, sannan ya san martanin Merrill Swain, wadda ta nuna cewa sai ɗalibi ya yi magana da rubutu da kansa kafin harshen ya zauna masa. Zai kuma koyi auna ƙwarewa da ma'aunin CEFR da aka fitar a Turai a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Sai dai abin da ya gyara ni da gaske shi ne ranar da malamar da ke kula da ni ta zauna a bayan aji tana ƙirga mintocin da na yi ina magana, bayan darasi ta nuna mini cewa ni na cinye yawancin lokacin, ɗalibai kuwa sauraro kawai suka yi. Babu littafin da ya taɓa nuna mini wannan aibi nawa.

Ga mai koyar da Turanci da ba shi da halin dogon karatu, takardar CELTA ta Cambridge, wato shaidar koyar da Turanci, tana da amfani: awa 120 ce, ciki har da awa shida na koyarwa a gaban mai dubawa, kuma akan gama ta cikin mako huɗu zuwa biyar, amma ba ta maye gurbin digiri. Digiri na biyu a kimiyyar harshe zalla yana ƙara ilimi ba tare da ya gyara koyarwa ba. Digirin digirgir kuwa na mai niyyar bincike ne.

Inda nake so mai karatu ya natsu shi ne batun makarantun bogi, domin ya taɓa cizona. Na biya kuɗin wani kwas na intanet da aka yi mini alkawarin cewa ana karɓar takardarsa ko'ina, na gama ba tare da wani ya kalli darasina ko sau ɗaya ba, da na kai takardar wurin neman aiki aka ce ba a san makarantar ba. Matsalar kuma ba ƙarama ba ce: a 2015 jaridar New York Times ta tona asirin kamfanin Axact na Pakistan, wanda ya riƙa sayar da digirin bogi ta ɗaruruwan shafukan jami'o'in da babu su. Masu wannan sana'a har hukumar tantancewa ta ƙarya suke ƙirƙira domin ta wanke su, saboda haka ganin tambarin amincewa a shafi bai isa hujja ba. A nemi sunan makarantar a rajistar hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar da take, kamar kundin CHEA a Amurka, mai ɗauke da sunayen makarantun da aka tantance. A guji duk wadda ta ce za ta ba da digiri saboda gogewar aiki kawai, ko ta yi rangwame ga wanda ya biya yau, ko ta ƙi bayyana sunayen malamanta.

Kafin a biya ko sisi, a rubuta musu a tambaya: awa nawa ɗalibi zai koyar a aji na gaske, kuma wa zai zauna ya duba shi? A nemi amsar a rubuce, a kuma ajiye ta.