Motar jirgi ko mai bene? Ki ɗauki ta jirgin, ƙanwata

Ƙanwata, kin tambaye ni wace mota za ki hau ki zaga gari in jirgin ruwan yawon buɗe ido ya tsaya a tasha. Tunda da Innarki za ki yi tafiyar nan, ki sayi tikitin motar da jirgin ruwan da kansa yake shirya wa fasinjojinsa, ki rabu da mai benen nan da ke zagaya gari ana hawa ana sauka. Duka biyun na shige su a tafiya ɗaya, kuma a hanyar da kika ambata: Dubai, Abu Dabi, Maskat, Doha, a komo Dubai. Ɗaya har gobe ina sa wa masu ita albarka. Ɗayar kuwa kuɗina kawai na zubar.

Shekara biyu ke nan, cikin watan Janairu. Na gama sarin kaya a Dera, unguwar kasuwanci ta Dubai, na danƙa su ga masu kargo, sai muka shiga jirgi ni da mahaifiyata, wadda ni ma nake ce wa Inna. Ta daɗe tana cewa ita dai tana son ta zauna a kan ruwan da ya fi na ƙarƙashin gadar Kennedy faɗi, don teku ba ta taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgin sama lokacin da ta je hajji. Ta haura shekara 70, gwiwoyi sun gaji, tafiya kaɗan sai ta nemi wurin dafawa.

Daren da za mu wayi gari a Abu Dabi aka kawo mana takarda har ɗaki, an rubuta ƙarfe nawa za a taru da zauren da za a taru. Da safe aka manna wa kowa lamba a ƙirji. Muna saukowa daga matakala ga motoci a jere a gindin jirgin, lambar kowace a gilashinta, kilim na busawa. Ba mu fita neman komai ba, ba mu yi ciniki da kowa ba. Ɗan jagoranmu da Faransanci yake magana, ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya, da ya ga Inna da sanda sai ya tayar da wasu samari biyu daga kujerar gaba ya zaunar da mu.

Daga tashar Mina Zayid zuwa Masallacin Shaihu Zayid tafiyar kusan rabin awa ce a mota. Abin da hotuna ba sa nuna wa mutum shi ne nisan da ke tsakanin inda mota take tsayawa da masallacin kansa. Ta ƙarƙashin ƙasa ake bi, a ratsa shaguna, a wuce wurin bincike, a yi ta tafiya. Ba mu kai rabi ba Inna ta tsaya ta ce in bar ta nan, in je in gano in ba ta labari. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi, sai ga ɗan jagoran nan ya dawo da keken turawa. Shi ya tura ta da hannunsa har muka fito fili, yana tafe yana yi wa sauran mutane bayani.

Ƙanwata, gani ya kori ji. Fari fat, har ido ba ya iya tsayawa a kansa da hantsi. Ƙubbobi 82. An zana furanni a daɓen farfajiyar, kuma ba fenti ba ne, duwatsu ne masu launi aka yanka aka dasa cikin farin dutsen, reshe yana bin reshe har jikin ginshiƙai. A ciki ga darduma guda tak da ta rufe babban zauren sallah, faɗinta ya wuce murabba'in mita 5,600, a Iran aka saƙa ta da hannu. Inna ƴar Tahoua ce, ta tashi tana ganin masu saƙar tabarma da masu dukancin fata, ta san wahalar aikin hannu. Ta daɗe tana kallon dardumar nan daga inda aka tsayar da mu, sannan ta ja gefen mayafina ta ce, “Ɗiyata, wanga duka hannun mutum na ya yi shi?” Da aka gaya mata cewa mai masallacin ya rasu a 2004, bai ga buɗe shi ba sai a 2007 aka buɗe, kuma kabarinsa na nan gefe, sai ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, hawaye na bin kuncinta.

Amma abin da ya sa nake ce miki ki ɗauki motar jirgi a hanyar dawowa ya faru. An ce kowa ya kasance cikin jirgi ƙarfe 5:30 na yamma. Hatsari ya auku a gabanmu, hanya ta cushe, motoci suka tsaya cik. Ƙarfe 5:30 ta buga muna zaune a titi. Cikina ya ɗuri ruwa, ina duba agogo ina duba fuskar Inna, maganinta na hawan jini yana can cikin ɗaki, kayanmu duka suna can. Ɗan jagoran ya ɗauki waya ya yi magana kaɗan, ya juyo ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, jirgi ya san motarmu tana hanya. Muka iso a makare. Matakala na nan ba a janye ba, ma'aikata na tsaye suna jiranmu, aka duba katinmu muka shige, a bayanmu aka ɗaga ta.

Ƙa'idar ke nan, kuma ita kike saye da kuɗinki. In motar jirgi ce ta makara, jirgi zai jira ta, in kuwa jiran bai yiwu ba su ne za su ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. In ke kika fita da kanki, da taksi ko da mai bene, za a kira sunanki a lasifika sau ɗaya, sau biyu, daga nan a kwance igiya. Jirgi yana da lokacin da tasha ta ba shi, akwai matuƙin tashar da zai fitar da shi, akwai wani gari da ke jiransa da safe. Ki tuna kuma mu masu fasfon Nijar ne. Bature in jirgi ya bar shi a Maskat, tikitin jirgin sama zai saya ya tarbe shi a Doha. Mu kowace ƙasa a cikin ukun nan da maganar bizarta, ba a filin jirgi ake warware ta cikin dare ɗaya ba. Tsohuwa a hannunki, ba magani, ba kayan sawa, a garin da ba ki san kowa ba. Ni ban ga rangwamen da ya kai a yi wannan kasadar dominsa ba.

Mai bene a Maskat na hau ta, don na ga ta fi araha, na ce bari in rage kashe kuɗi. Ba zan ce ba ta da amfani ba: daga sama ana ganin gari da kyau, kuma matashin da yake shi kaɗai, mai kwana biyu ko uku a gari, zai more ta. Mu dai tikitin yini guda muka biya alhali awowi kaɗan gare mu. Inna ba ta iya hawa benen ba, muka zauna ƙasa muna leƙe ta gilashi. Inda muka sauka sau ɗaya, jiran ta gaba a rana ya cinye mana lokaci, muka iso kasuwar Matrah bayan azahar masu shaguna suna ta jan ƙofofi, don yawancinsu sai la'asar suke sake buɗewa. Araha ba ta ado.

Ita ma ta jirgin ba a rasa ta da aibi ba, kada ki ce ban gaya miki ba. Tana da tsada, in kika lissafa ku biyu a kowace tasha za ki ji a jikinki. Ana kora mutane kamar ana sauri a kai amarya, inda ranki yake son awa biyu a ba ki minti 40. Wani lokaci a tsayar da ku a shagon darduma ko na turare da ba ku nema ba. Ki sha shayin da aka miƙo, ki yi godiya, kada ki ciro jaka. Sannan ba sa tsara tafiyarsu da lokacin sallah. Ku yi alwala tun daga jirgi, ki sa ƙaramar sallaya a jaka, ku matafiya ne, haɗa azahar da la'asar ya halatta gare ku.

Saboda haka ba kowace tasha za ki saya ba. Abu Dabi ki saya, babu ja. Maskat ma, in Inna tana son ganin Masallacin Sultan Kabus, ki saya, don shi ma yana da nisa daga tasha, ki zaɓi ta safe mai rabin yini. An buɗe shi a 2001, dardumarsa ita ma daga Iran take. Amma in kasuwar Matrah kawai kuke so, kada ki ba kowa ko dala. Ba a yarda a yi tafiyar ƙasa cikin tashar ba, mota ce take kai mutane bakin ƙofa, daga nan kasuwar tana kusa, a bi bakin ruwa a miƙe, kasuwar kifi ma na nan kan hanya. Ku fita da sassafe, Inna ta riƙa hutawa a kujerun bakin teku, ku dawo kafin rana ta take. Doha ma haka: kasuwar Suk Waƙif da gidan tarihin fasahar Musulunci da aka buɗe a 2008 duk ba su da nisa da inda jirgi yake tsayawa, gajeriyar tafiya ce a taksi. Inda ake hango jirgi daga inda ake tsaye, ba a jin tsoron ya tafi ya bar mutum.

A Doha ki kula da agogo. Dubai, Abu Dabi da Maskat lokacinsu ɗaya ne, suna gaban Yamai da awa 3. Doha kuwa tana bayansu da awa guda. Waya takan canja lokaci da kanta ba ta yi shawara da ke ba. Lokacin da ke rubuce a takardar jirgi da allon da ke bakin matakala shi ne naki. Ki ɗaura agogon hannu, ki saita shi da na jirgi kafin ki sauka, ki kuma ɗauki hoton lambar wakilin jirgin a tashar, tana jikin takardar da suke rabawa kullum.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, don na ga waɗanda aka cuta. Tun daga nan gida, akwai masu ajans da ƴan kamashonsu da za su ce miki kuɗin da kika biya ya haɗa da yawon kowane gari. Ki ce su nuna miki a rubuce a takardar da kamfanin jirgin ya fitar, da sunanki da na Inna da sunan kowane yawo. In suka ce “ai can za a ba ki”, to babu shi. Ki kuma tabbatar bizar Dubai da suka yi muku mai shiga da fita fiye da sau ɗaya ce, don jirgin zai fita ƙasar ya sake dawowa. A bakin ƙofar tasha kuma za ki tarar da masu riƙe da kwali da hotuna, wani ma ya rataya kati a wuya, yana rantsuwa shi ma na jirgi ne. Na jirgi ba ya tsayawa a waje yana kiran mutane. A ciki ake sayar da nasu, a teburin yawon buɗe ido ko ta manhajarsu, kuma a katin ɗakinki ake cire kuɗin.

Sai maganar kuɗi a Maskat, nan ne ƴan kasuwarmu da suka saba da Dubai suke faɗawa rami. Mai taksi zai ce miki “goma”, ke kuma kanki ya saba da dirhami. Riyal ɗin Oman ɗaya ya kusa dirhami 10, wajen jikka ɗaya da rabi ke nan a kuɗinmu. Kafin ki sa ƙafa a mota ki tambaya: goman me, na mutum ɗaya ne ko na mota duka, zuwa kawai ko har da dawowa? Kada ki biya kuɗin dawowa sai an dawo da ke.

Ki yi rajistar yawon tun kafin ku tashi daga Yamai ko ranar farko da kuka shiga jirgi, ki nemi rukunin masu Faransanci, don kujerunsa kan ƙare da wuri, in kuma mutane ba su cika ba sai a gwama ku da masu wani harshe. Ki gaya musu a teburin cewa kina tare da tsohuwa mai ciwon gwiwa, su faɗa miki wane yawo ne ba shi da yawan tafiyar ƙasa. Ki riƙe maganinta na yini biyu a jakar hannu duk lokacin da za ku sauka.

In Allah ya kai ku Matrah, ki nemi lubban da suke kira hojari, na yankin Zufar da ke kudancin Oman, mai haske da ɗan kore-kore. Kada ki karɓi wanda aka riga aka ƙulle a leda, don sukan sa mai kyau a sama su cika ƙasa da gari. Ki sa mai shagon ya ɗora ƙwaya ɗaya a garwashi a gabanki, ki ji ƙamshin, sannan a auna miki daga buhun da kika nuna. Ki taho mini da rabin kilo, zan aiko yaro da kuɗin kafin ku tashi. Ki gaishe mini da Inna, Allah ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya.