Parasite: na kalla sau biyu, har yanzu muna musu a kansa

Sau biyu na kalli fim ɗin Parasite, na farko ni kaɗai a waya, na biyu tare da ƙanwata. Minti 132 ne, amma ban ji tsawonsa ba. Bong Joon-ho ne ya shirya shi, ya fito a Koriya ta Kudu a 2019. Labarin iyalin Kim ne, su huɗu, a wani ɗaki da rabinsa ke cikin ƙasa, irin wanda mutanen Seoul ke kira banjiha. Da dabara suka kutsa gidan attajiri Park ɗaya bayan ɗaya: ɗan ya zama malamin Turanci, 'yar malamar zane, uban direba, uwar mai aikin gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wari. Park bai taɓa zagin direbansa ba, albashi ma yana biya. Amma wani dare ya ce wa matarsa direban yana da wani wari irin na masu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, bai san mutumin yana ɓoye ƙarƙashin tebur yana jinsa ba. Sai ka ga direban ya ja wuyan rigarsa yana shinshinawa. Ba kuka, ba dogon jawabi, amma duk wanda aka taɓa yi wa kallon raini ya san abin da ke ransa. Haka ma ruwan sama: wanda ya cika ɗakin su Kim da ƙazantar kwata, shi ne washegari matar Park ke yabo a waya wai ya wanke iska.

Masu sharhi sun yaba ƙwarai. Ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2019, sannan a Fabrairun 2020 ya kwashi Oscar huɗu, ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci lambar fim mafi kyau. Ƙanwata kuwa ba ta gamsu ba. Cewa ta yi an nuna talaka maƙaryaci ne, kuma faɗan da ya fi muni tsakanin talaka da talaka aka yi shi, masu kuɗi suna can sama ba su ma san ana yi ba. Na ce mata ai nan ne gizo ke saƙar, ta ce to masu tafi a Cannes fa, a wane bene suke kwana? Ban sami amsa ba.

Kuma tana da hujja. Bayan Oscar, hukumomin Seoul sun tallata wuraren da aka ɗauki fim ɗin ga 'yan yawon buɗe ido, mutane na zuwa ɗaukar hoto a unguwar talakawa. A Agustan 2022 kuma ambaliya ta kashe mutum uku 'yan gida ɗaya a wani banjiha na gaske, bayan haka birnin ya ce zai daina amincewa da irin waɗannan ɗakuna.

Inda ya ɗan gaza a wajena shi ne ƙarshe, jinin ya yi yawa har ya so ya danne labarin. Da harshen Koriya ake magana, sai mai haƙurin karanta fassara a ƙasan allo, kuma ba na kallo da yara ba ne.