GARGAƊI: Ejan bizar Indiya ya cinye mana naira miliyan 3 da dubu 800 na jinyar mahaifiyata

Jama'a, kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Naira miliyan 3 da dubu 800. Kuɗin filin da na sayar ne, da sarƙar gwal ɗin yayata, muka haɗa don a kai Umma Delhi a yi mata aikin gwiwa. Wani mai kiran kansa ejan marasa lafiya ya karɓe su a nan Kano, yanzu lambobinsa uku duk a kashe.

Kafin wani ya ce na yi sakaci, ku saurara. Ba a Facebook na tsince shi ba. Ofis gare shi a bene, da allo a ƙofa, da yarinya mai karɓar baƙi. Na je sau huɗu. Na ga hotonsa a gaban Taj Mahal, na ga tarin fasfo a kan teburinsa. Har ya kira wani Ba'indiye mai farar riga ta bidiyo, ya ce shi ne likitan, mutumin ya ɗaga hoton ƙashin Umma yana girgiza kai. Wa zai ga wannan ya yi zargi? Ranar da zan tura kuɗin, la'asar ta same mu a ofis, muka yi salla sahu ɗaya. Da muka sallame ya riƙe hannuna ya ce, "Yallaɓai, Hajiyarka Hajiyata ce." Wallahi wannan maganar ce take dawo min kullum. Ya riƙe hannuna. A wurin na buɗe waya na tura miliyan 2 da dubu 400, wai kuɗin kama gado a asibiti.

A'a, kafin nan ma na riga na ba shi dubu 850 na biza, tawa da ta Umma. Wannan tun kafin azumi ne. Ko bayan salla ne ya karɓi na masauki? Dubu 430 dai, wai ɗaki kusa da asibiti da tafinta mai jin Hausa wanda zai tarye mu a filin jirgin Indira Gandhi. Sai dubu 120 na katin allurar shawara. Ku haɗa ku gani, miliyan 3 da dubu 800 cif. Duk rasit ɗin banki suna wayata, da saƙonnin muryarsa na WhatsApp, zan saka su a nan da zarar lauya ya ba ni izini.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne katin. Na tambaye shi, ba sai an yi mana allurar ba? Ya ce Hajiya ta tsufa, kada a wahalar da ita, ya san mutane. Na tambaya fa! Ba shiru na yi ba. Ashe Indiya ba ta wasa da wannan katin ga wanda ya fito daga Najeriya. Allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, wanda ya sauka babu shi kuwa ana iya killace shi har kwana 6. Da mun wuce, da tsohuwa mai ciwon gwiwa ce za a tsare a ƙasar da ba ta jin yarensu.

Ba mu ma kai can ba. A filin jirgin Malam Aminu Kano abin ya fashe. Umma tana kan keken marasa lafiya, ƙannena sun rako mu, har an yi addu'a an yi bankwana. Na miƙa takardar da ejan ya bugo min, wai bizar intanet. Ma'aikacin ya juya ta, ya buɗe fasfo ɗinmu shafi-shafi, ya ce ina bizar? Ya ce mai fasfon Najeriya a cikin fasfo ake manna masa bizar Indiya, daga ofishin jakadancinsu na Abuja ko na Legas. Mu ko ƙofar ofishin ba mu taɓa takawa ba. Na kira ejan a wurin, ta shiga sau ɗaya, daga nan shi ke nan. Umma ba ta ce komai ba, sai ta ce, "Mu koma gida, Allah bai yi ba." Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Asibitin da ya ambata kuwa yana nan, na gaske ne. Na rubuta musu da kaina bayan kwana biyu, suka amsa cewa ba su da sunan Umma, ba su karɓi ko sisi ba, wasiƙar gayyatar da ejan ya kawo ma ba tasu ba ce. Ofis? Na tarar da kwaɗo, mai gadi ya ce ni ne na biyar da ya zo nemansa.

Idan za ku kai mara lafiya Indiya, ku rubuta wa asibitin kai tsaye, su ne ke ba da wasiƙar gayyata. Mara lafiya bizarsa daban, mai jinya tasa daban, ku je ofishin jakadanci da ƙafarku. Ku yi allurar da gaske. Kada ku tura kuɗin asibiti a asusun mutum.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, ina kuma neman sauran huɗun nan. Duk wanda ya gane mutumin daga abin da na faɗa ya yi min magana ta akwati. Gwiwar Umma ta ƙara kumbura, tikitin ma rabin kuɗin aka dawo min da shi. Miliyan 3 da dubu 800, ya riƙe hannuna bayan salla. Ban yafe ba, Allah ya isa.