Signals na Rush: faifan da ya raba kan masoya

Wata uku ke nan ina jin faifan Signals na ƙungiyar Rush kusan kullum, har yanzu kuma bai gundure ni ba. Ga wanda bai san su ba, Rush a lokacin wannan faifan mutum uku ne 'yan Kanada: Geddy Lee mai waƙa da jitar bes, shi ne kuma mai fiyano, sai Alex Lifeson mai jita, da Neil Peart mai ganguna, wanda shi ke rubuta baitoci. Salonsu shi ne progressive rock, kiɗa mai dogon zango da yawan sauya bugu. A faifansu na 1976 waƙa ɗaya ta kai minti 20, ta cinye gefe guda cur na faifan garmaho.

Abokin da ya fara haɗa ni da kiɗansu ya gargaɗe ni tun farko. Ya ce, "Malam, ka tsaya a Moving Pictures. Daga nan suka saki hanya." Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba. Moving Pictures ya fito a 1981, shi ne faifansu da ya fi kowanne kasuwa. Da Signals ya biyo baya a watan Satumba na 1982, masoya da dama sun ji kamar an yi musu sauyin ɗaki. Fiyanon lantarki da ake kira sintesaiza, wanda a da ɗan kayan ƙamshi ne a miyar, ya dawo shi ne miyar. Jitar Lifeson kuwa ta koma baya. Muhawarar ta tuna mini yadda dattawanmu suka yi ƙorafi da fiyano ya shigo waƙar Hausa ya ture kalangu da kuntigi gefe.

Masu ƙorafin suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Ranar farko a sifikar waya na kunna shi, sai na ji kiɗan a cunkushe, jitar ta nutse ƙarƙashin fiyano kamar ba a gayyace ta ba. Na kusa yarda da abokina. Ita ma ƙungiyar ba ta fita daga aikin yadda ta shiga ba, domin Signals ne faifai na ƙarshe da suka yi da Terry Brown, furodusan da ke tare da su tun 1975.

Abin ya canza ne wani dare da aka ɗauke wuta, na kwanta a tabarma a tsakar gida da iyafis a kunne. Waƙar farko, "Subdivisions", tana buɗewa da wani sauti mai kauri daga fiyanon, shimfiɗaɗɗe, mai sanyi. Ƙarƙashinsa Peart yana bugu mai ƙirga bakwai, wanda idan ka ce za ka bi shi da ƙafa sai ka ji kamar taki ɗaya ya ɓace. Waƙar tana magana ne a kan yaron da ya tashi a irin sababbin unguwannin bayan gari na Kanada, gidaje iri ɗaya, layuka iri ɗaya, inda wanda bai yi kama da kowa ba ake ware shi. A nan na gane dalilin fiyanon. Wannan sautin mai faɗi da ba ya motsi shi ne unguwar kanta. Da jita ce ta ja gaba da ihunta, da waƙar ta zama ta bore, alhali yaron da ake ba da labarinsa bai yi bore ba, a maƙale yake. Jitar tana nan, sai dai ta sauya aiki. Tana saƙa ne a bayan fage, kuma idan lokacinta ya yi, kamar a tsakiyar "The Analog Kid", takan fito da gudun da babu mai cewa an ɗaure mata hannu.

Abin da nake ganin masu suka ba sa ba shi haƙƙinsa shi ne, a wannan faifan ne Rush suka fi sauko da maganarsu ƙasa. A da suna yawan waƙa a kan duniyoyin almara da sararin samaniya. Nan kuwa matashi ne, da ma'aikaci, da tsoro, da tsufa.

Ba duka waƙoƙi takwas ɗin da ke faifan ne suka yi mini ba. "Chemistry" takan wuce ban riƙe komai ba. "Countdown", wadda suka yi bayan sun je kallon harba kumbon Columbia a watan Afrilu na 1981, har da muryoyin 'yan sama jannati a ciki, ita ce ta fi nuna shekarunta. "Digital Man" da ɗan salon rege ɗinta tana raba kan mutane, ni dai bes ɗin Lee kaɗai ya isa ya sa in maimaita ta. Sai "New World Man", wadda suka haɗa cikin gaggawa don cike gurbin kusan minti huɗu da ya rage, saboda gefen kaset biyu su daidaita. Ita ce ta hau matsayi na 21 a jadawalin Billboard na Amurka, babu wata waƙarsu da ta kai nan.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce "Losing It". Ben Mink ne baƙo a cikinta, da gogen Turawa na lantarki. Tana ba da labarin mai rawa da jiki ya daina ba ta haɗin kai, da marubucin da ya zauna gaban takarda kalmomi sun ƙi zuwa. Gogen yana farawa a hankali, sannan ya haukace a tsakiya kamar mai neman abin da ya san ya taɓa riƙewa. Duk wanda ya ce lantarki ya kashe ruhin wannan faifan, ina roƙonsa ya ji wannan waƙar da iyafis mai kyau, ba a sifikar waya ba.

Sama da shekara 30 ba su taɓa yin ta a gaban jama'a ba, sai a rangadinsu na 2015, wanda ya zama na ƙarshe da Peart, lokacin da ciwon gaɓoɓi ya fara hana shi buga ganguna yadda yake so. Ya rubuta baitocin yana ɗan shekara 29. Ya rasu a watan Janairu na 2020. Tun da na san haka, idan ta zo ƙarshe nakan dakatar da faifan, in ɗan zauna shiru kafin in bari waƙa ta gaba ta shigo.